Injiniyan Gyaran Jirgin Sama: Sana'ar da Jarinta Sa Hannu Ne

In aka tambayi yaran makaranta wane aiki suke sha'awa a harkar jiragen sama, kusan dukansu matuƙi za su ce. Ba laifinsu ba ne. Matuƙi ake gani da farar riga da igiyoyi a kafaɗa, muryarsa ake ji yana yi wa fasinjoji barka da zuwa. Amma akwai wani mutum da fasinja ba ya jin muryarsa, sau da yawa ma ba ya lura da shi: wancan mai zagaya jirgi da tocila a hannu, sanye da riga mai ƙyalli, yana leƙa ƙarƙashin fiffike yana shafa taya. Shi ne injiniyan kula da lafiyar jirgi. A dokar sufurin sama, duk jirgin da aka yi wa aiki, ko da sauya taya ne, ba ya komawa sama sai wannan mutum ya rubuta a littafin jirgin cewa an yi aikin bisa ƙa'ida, ya sa hannu, ya buga lambarsa. Kyaftin da ya shekara talatin yana tuƙi ba shi da ikon tsallake wannan sa hannu. Mai kamfanin ma ba shi da shi.

Tare da jirgin aka haifi sana'ar. A 1903, da 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka rasa kamfanin da zai ƙera musu inji marar nauyi, makaniken shagon kekunansu, Charles Taylor, shi ya zauna ya ƙera shi cikin mako shida, inji mai ƙarfin doki 12. Sunan masu jirgin ya shiga kowane littafin tarihi, na makaniken kuwa sai an tona. A ƙasar Hausa ma, tun ranar 1 ga Nuwamba 1925 da jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka Kano daga Masar, labarin matuƙa ake bayarwa, ba a cika tuna cewa irin wannan doguwar tafiya ba ta yiwuwa sai da mai duba inji a kowane zango ba.

Aikin rana, aikin dare

Aikin ya kasu gida biyu. Akwai na bakin fili, akwai na cikin hanga, wato katafariyar rumfar da ake shigar da jirgi a kwance shi.

Na bakin fili tsere ne da agogo. Jirgi ya sauka Kano daga Legas, fasinjoji na fita, ana zuba mai, ana loda kaya, kuma kafin awa ɗaya ta cika ana so ya juya. A wannan ɗan tsakanin injiniya zai zagaye jirgin kaf. Zai duba ko taya ta cinye ko wani abu ya yanke ta, ya duba ɗan tsinken da ke nuna abin da ya rage wa birki, ya nemi ɗigon mai a ƙarƙashin inji da ƙafafun jirgi, ya haska farfelar gaban inji ko tsuntsu ya faɗa ciki. Sannan ya hau ya buɗe littafin jirgi ya karanta ƙorafin da matuƙi ya rubuta. Kowane ƙorafi sai an ba shi amsa a rubuce: ko an gyara, ko an ɗage gyaran bisa izini. Ɗagewar ma ba da ka ake yin ta ba. Kowane samfurin jirgi yana da kundin da hukuma ta amince da shi, wanda ya jera abubuwan da za a iya tashi alhali ba sa aiki, da sharaɗin yin hakan, da wa'adinsa: wani kwana 3, wani kwana 10, wani har kwana 120. Abin da ya shafi lafiyar tashi kuma ba ya cikin kundin, in ya lalace, jirgi ya kwanta ke nan, ko gwamna ne ke zaune a ciki.

Na hanga kuwa aikin haƙuri ne. Bayan wasu ɗaruruwan sa'o'i na tashi ana yi wa jirgi ƙaramin duba da ake kira A, galibi cikin dare ɗaya. Duk bayan kimanin wata 18 zuwa shekara biyu sai babban duba na C, wanda ke cin makonni, a cire kujeru da dabe da murafen jiki a bi lungu-lungu ana neman tsatsa da tsagewa. Na D shi ne mafi girma: bayan shekara shida zuwa goma ake tuɓe jirgi har sai ya koma ƙarfe tsura. A nan ake zura wata siririyar kyamara cikin inji a kalli fukafukansa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kwance shi ba. A nan ake amfani da sauti da maganaɗisu da wani ruwa mai kala wajen gano tsagewar da ido ba ya gani. Wasu sassan kuma ba a jira su lalace. Ana ƙirga musu yawan tashi da sauka, ranar da lissafinsu ya cika a cire su ko da suna ƙyalli kamar sababbi.

Yanayinmu yana ƙara wa aikin nasa gishirin. Ƙurar hunturu tana goge fukafukan cikin inji tana toshe matatun iska. A bazara, a filayen Sakkwato da Maiduguri, ƙarfen jirgi kan yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Da damina ciyawa ta tashi sai tsuntsaye su yawaita a gefen titin jirgi. Ga kuma zanzaro, wanda in ya samu jirgi a ajiye kwana biyu zai iya gina ɗakinsa na laka a cikin ɗan bututun da ke auna gudun jirgi. Shi ya sa ake rufe bututun da murfi mai jan ƙyalle, a kuma tabbatar an cire shi kafin tashi.

Dokokin hannu

Abin da ke ba baƙo mamaki a hanga shi ne ganin dattijo mai furfura, wanda ya yi aiki ɗaya sau ba adadi, yana riƙe da takardar umarnin kamfanin da ya ƙera jirgin yana bin ta layi-layi. Ba mantuwa ke damunsa ba. Doka ce: ba a aiki da hadda, domin takardar tana sauyawa, abin da yake daidai bara ana iya gyara shi bana. In ya gama, sai ya rubuta babi da lambar umarnin da ya bi.

Noti ba a ɗaure shi da ƙarfin dantse. Akwai sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ita ma tana da ranar da ake kai ta a gwada gaskiyarta. Bayan ɗauri, muhimman notuna ana zarge su da siririyar waya a murɗe ta ta fuskar da za ta hana su warwarewa in jirgi ya yi girgiza. Kowane kayan aiki yana da gurbinsa da aka zana a akwati, domin da kallo ɗaya a gane wanda babu. In sukundireba ɗaya ta ɓace, jirgi ba ya fita sai an gan ta, don ba a san ko tana kwance cikin inji ko tsakanin wayoyin sarrafa fiffike ba. Kayan gyara kuma, komai ƙanƙantarsa, sai da takardar da ke nuna inda aka ƙera shi da hannun da ya bi kafin ya iso. Wanda ba shi da takarda, ko sabo ne fil, jabu ake ɗaukarsa. Aikin da ya taɓa abin da matuƙi ke sarrafa jirgi da shi, mutum biyu ke duba shi, kowa da nasa sa hannun.

Waɗannan dokoki ba don a wahalar da ma'aikaci aka kafa su ba. Kusan kowace akwai hatsarin da ya haife ta. A watan Yunin 1990, gilashin gaban wani jirgin British Airways ya fizge a sama da ƙafa 17,000, iska ta zuƙe kyaftin har rabin jikinsa ya fita, abokan aikinsa suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka, kuma ya rayu. Bincike ya nuna cewa injiniyan da ya sauya gilashin cikin dare ya zaɓi ƙusoshin da ido maimakon ya duba littafi. Cikin 90, guda 84 kaurinsu ya gaza da abin da bai kai milimita ɗaya ba, sauran 6 kuma gajeru ne. A Japan, gyaran da aka yi ba daidai ba a bangon bayan wani Boeing 747 a 1978 sai a watan Agustan 1985 ya ɓalle, mutum 520 suka rasu. Shekara bakwai kuskuren yana kwance yana jira.

Darasin Jidda

Mu kam ba sai mun je Japan neman darasi ba. Ranar 11 ga Yuli 1991, wani jirgi samfurin DC-8, mallakar kamfanin Nationair na Kanada, wanda ke jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai nufi Sakkwato. Tayoyinsa biyu iskarsu ta gaza ƙa'ida. Taya in ta yi laushi, maƙwabciyarta ke ɗaukar nauyin. Jirgin yana gudu a titi taya ta fashe, wata ta biyo ta, ƙarfen ƙafa ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka tashi suka naɗe ƙafafun jirgin, suka shigar da ita cikin cikinsa, inda bututun man sarrafa jirgi da wayoyin lantarki suke. Sun juyo za su sauka, amma ba su kai titin ba. Dukan mutum 261 da ke ciki suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Abin da bincike ya tono shi ne ya fi ciwo. An san da laushin tayoyin tun kafin ranar. An ga alamar an sauya alƙaluman awon iskar a takarda. Da safiyar ranar babban makanike ya nemi iskar naitirojin da ake hura wa tayar jirgi, ba a same ta a kusa ba, jami'in da ke kula da jigilar kuma bai yarda a jinkirta tashi ba. Wanda ya sa hannu cewa jirgin lafiya lau yake bai ma shiga aikin duba shi ba.

Mun yi imani da ƙaddara, amma imanin bai ɗauke mana bin sababi ba. A Jidda ba ilimin gyara aka rasa ba, kowa a wurin ya san yadda ake hura taya. Abin da aka rasa shi ne mutum ɗaya mai iko da ƙarfin zuciyar da zai ce, "Ranka ya daɗe, jirgin nan ba zai tashi ba sai an kawo iska." Da muguwar rawa, in ji Bahaushe, gara ƙin tashi. Duk tsarin lasisi da makarantu da jarrabawa, in aka tace shi, manufarsa ke nan: a samar da mutumin da sa hannunsa ke da nauyi, wanda kuma doka ta tsaya masa ranar da ya ƙi sa shi.

Matakala uku

A garejin mota, maigida shi ke koyar da yaro, shi ke gwada shi, shi ke yaye shi, daga nan yaro ya buɗe nasa wurin. A harkar jirgi an raba waɗannan hannuwa da gangan. Makaranta ta koyar, hukuma ta gwada ta ba da lasisi, kamfanin gyara kuma ya ba da izinin sa hannu. Wanda ya tsaya a mataki ɗaya bai iso ba tukuna.

Tushen tsarin yana cikin yarjejeniyar Chicago ta 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifi hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO, mai hedikwata a Montreal da mambobi ƙasashe 193. Rataye na farko na yarjejeniyar kan lasisin ma'aikata yake magana. Ya ce mai neman lasisin gyaran jirgi kada ya gaza shekara 18. Ya san dokokin sufurin sama, da lissafi da kimiyya, da yadda aka gina jirgi, da yadda ake kula da shi, da kuma raunin ɗan Adam a wurin aiki. Mai son lasisin da ya ƙunshi jirgi ɗungurungum sai ya yi shekara huɗu yana aiki da hannunsa, ko shekara biyu in ya kammala kwas a makarantar da hukuma ta amince da ita. Bayan samun lasisin ma ba a jingine shi a akwati. In ana so ya ci gaba da amfani, sai mai shi ya yi aikin aƙalla wata shida cikin wata 24 da suka gabata, ko ya sake gamsar da hukuma.

Kowace ƙasa sai ta ɗinka nata tsarin a kan wannan. A Najeriya hukumar NCAA, wadda ta fara aiki a farkon shekarar 2000, ita ke ba da lasisi. A kundin dokokinta, kashi na 2 na lasisin ma'aikata ne, na 3 na makarantu, na 5 na cancantar jirgi, na 6 na kamfanonin gyara. Lasisin yana da fannoni: gangar jikin jirgi, inji, da kuma na'urorin lantarki da sadarwa. A Nijar hukumar ANAC ke riƙe da wannan aiki. A Amurka, wanda bai shiga makaranta amintacciya ba sai ya yi wata 30 yana aiki kafin ya zauna jarrabawar gangar jiki da inji, ta rubutu da ta baki da ta hannu. A Turai, kwas ɗin manyan jirage awa 2,400 ne, makin cin jarrabawa 75 cikin 100, kuma wanda ya bi ta makaranta amintacciya shekara biyu zai yi a bakin aiki, wanda bai samu wani horo ba kuwa biyar.

Lasisin farko bai ba mutum ikon sakin kowane jirgi ba. Wanda zai sa hannu kan Boeing 737 sai ya yi kwas na musamman kan wannan samfuri da irin injin da ke jikinsa, ya yi aiki a kansa ƙarƙashin ƙwararre, a rubuta masa samfurin a lasisi. In kamfaninsa ya sayo Embraer ko Airbus, sai ya koma aji. Bayan duk wannan, sashen tabbatar da inganci na kamfanin gyara zai tantance shi ya ba shi lamba da iyakar ayyukan da zai iya sa wa hannu. Ranar da ya bar kamfanin, iznin ya tsaya a nan, lasisin kaɗai ke bin sa.

Nan ne da yawa ke ruɗewa. Digirin injiniya daga jami'a, ko da na ƙirar jirage ne, ba lasisi ba ne. Ilimi ne mai daraja, yana sauƙaƙa hanya, amma mai digiri sai ya bi matakalar nan. Haka ma wanda ya yi shekaru yana gyaran jiragen yaƙi: ƙwarewarsa abin dubawa ce, amma jirgin fasinja sai da lasisin farar hula.

Zariya, da abin da ake kira amincewa

Babbar makarantar wannan sana'a a Najeriya a ƙasar Hausa take. Kwalejin fasahar sufurin jiragen sama, NCAT, wadda mutanen gari ke kira Abiyeshan, tana Palladan a Zariya. An kafa ta a 1964 da taimakon ICAO da shirin raya ƙasashe na Majalisar Ɗinkin Duniya. An fi saninta da koyar da tuƙi, saboda ƙananan jiragen da ke shawagi a saman garin, amma a cikinta akwai makarantar injiniyoyin gyaran jirgi, da ta masu ba jirage hanya, da ta injiniyoyin na'urorin sadarwa na ƙasa. Mai neman shiga sai da kiredit biyar na sakandare, ciki har da Turanci da lissafi da fizis. Turancin ba na ado ba ne: littattafan gyaran manyan jirage da shi ake rubuta su, har injiniyan Yamai da ya yi karatunsa da Faransanci sai ya iya karanta su. A Kaduna kuma akwai AFIT, cibiyar fasaha ta sojan sama, mai ba farar hula ma difloma da digiri a fannonin injiniyancin jirage. A Yamai akwai EAMAC, wadda aka kafa a 1963, amma ita masu ba jirage hanya da masana yanayi da masu kula da na'urorin ƙasa take horarwa. Daga nesa kaɗan, makarantar kamfanin jiragen Habasha da ke Addis Ababa tun 1956 take yaye ma'aikata, kuma ɗaliban ƙasashen Afirka da dama na zuwa can.

To me ake nufi in aka ce makaranta amintacciya ce? Ba rajistar kamfani ba ce, ba kuma hoton jirgi a allon talla ba. Hukumar sufurin sama ce za ta karanta manhajar darasi-darasi, ta duba takardun malamai, ta shiga wurin aikin hannu ta ga akwai jirgi na gaske da inji na gaske da ɗalibi zai kwance ya mayar, ta ga yadda ake tsare tambayoyin jarrabawa da yadda ake ƙirga sa'o'in halartar aji. A Turai har yawan ɗalibai an ƙayyade: kada aji ya wuce 28, kada malami ɗaya ya riƙe fiye da 15 a aikin hannu. Sannan hukuma ta ba da takarda mai jera kwasa-kwasan da ta yarda a koyar, ta riƙa dawowa bincike, ta kuma janye amincewar in ta ga sake. Makaranta na iya samun amincewa kan tuƙi ba ta samu kan gyara ba. Tana iya zama amintacciya a ƙasarta, amma ɗalibinta ya dawo gida ya tarar sai ya sake zama jarrabawa kafin a karɓi takardarsa.

Inda gizo ke saƙar

Wahalar ba a aji take ba, a tsakanin aji da lasisi take. Ɗalibi ya gama kwas, yana bukatar shekarun aiki a kamfanin gyara amintacce, yana cike littafinsa aiki bayan aiki, wani mai lasisi yana sa masa hannu. Kamfanoni kuma mai lasisi da shaidar samfuri suke nema. A da, hangar Nigeria Airways da ke Ikeja ita ke raino, tun da kamfanin ya daina aiki a 2003 kuwa babu wanda ya maye gurbinsa da irin wannan girma. Yawancin manyan gyare-gyaren jiragen Najeriya a ƙasashen waje ake yin su, da dala. Kowane jirgin da ya fita duban C ba kuɗi kaɗai yake fita da su ba, har da damar da matasa za su ga cikin fiffike da idonsu. A farkon 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala irin wannan duba kan Boeing 737 a Legas, abin da ya nuna ana iya yi a gida in an sa jari. A Arewa kuwa, duk da cewa Kano ta haifi kamfanoni irin su Kabo Air da Azman Air, ga kuma Max Air da ke jigilar alhazai, babban gyara har yau nesa ake kai shi.

Wanda ya haye wannan gada, kasuwarsa ta buɗe. Jirgi iri ɗaya ne a Kano da Doha, saboda haka kamfanonin ƙasashen Larabawa da na Turai suna zawarcin ƙwararrunmu, kuma suna samun su. Sai dai sana'a ce ta aikin dare da ranar salla, ta ƙarar inji da warin kananzir, ta karatu da jarrabawa har ranar ritaya. Kuma sa hannun yana daɗewa a ajiye. In hatsari ya auku, cikin abubuwan farko da masu bincike ke kullewa akwai littattafan jirgin.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A 1993 wani masani a Kanada, Gordon Dupont, ya jera abubuwa 12 da ke jefa mai gyaran jirgi cikin kuskure, kuma har yau ana koyar da su: gajiya, matsin lamba, sakankancewa, ɗauke hankali, ƙarancin kayan aiki, "haka muka saba yi", da sauransu. Ɗaya daga ciki shi ne kasa buɗe baki a faɗi gaskiya. An tarbiyyantar da mu da kunya da kawaici, yaro ba ya musu da babba. A zaure wannan ado ne. A hanga, yaron da ya ga oga ya tsallake layi ya yi shiru, ya ci amanar mutanen da ba su san shi ba. Ladabi yana nan, ana iya cewa "Yallaɓai, a gafarce ni, littafi ba haka ya ce ba," amma dole a faɗa. Wanda ya ɓatar da filaya ko ya ɗaure noti fiye da kima kuma shi zai fara kai ƙarar kansa. Sana'ar ba ta ƙarfin ƙirji ba ce, ta nutsuwa ce da gaskiya, shi ya sa mata ke shigarta suna kuma yin fice.

Kira

Shekarun baya gwamnatin Jihar Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan su koyi tuƙin jirgi. Tunani ne mai kyau, sai dai kowane jirgin da matuƙi zai hau yana bukatar ayarin masu gyara a ƙasa, kuma makarantar da ke horar da su tana nan Zariya. Gwamnatocin jihohi da masu hannu da shuni da ke ɗaukar nauyin karatu su sa wannan fanni a lissafi, su kuma yi kasafin matakalar gaba ɗaya: kuɗin kwas, gurbin koyon aiki a kamfanin gyara, kuɗin jarrabawar lasisi, da kwas ɗin samfurin jirgi. Wanda aka biya wa na farko kaɗai an kai shi tsakiyar kogi ne an bar shi.

Kai kuma uba, ko ke uwa, da ɗanku ko 'yarku ya zo da takardar wata makarantar gyaran jirgi, kafin ku sayar da gona ku yi tambaya huɗu. Ina takardar amincewar hukumar sufurin sama, kuma wa'adinta bai ƙare ba? Kwas ɗin da za a biya wa kuɗi yana cikin waɗanda takardar ta jera? A wane kamfanin gyara ɗalibai ke koyon aikin hannu? In makarantar a waje take, hukumar gida za ta karɓi shaidarta? Kada ku tsaya ga amsar makarantar, ku tuntuɓi hukumar da kanta. Makarantar da ta yi ta kwana-kwana a kan tambayar farko, ku riƙe kuɗinku.